Linkin Park da kiɗan nu-metal: me ake gani a dandali?

Duk wanda ya shiga gidan kallon ƙwallo a Kance ko Matamaye a daren Asabar 31 ga Mayu 2025, domin wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai tsakanin PSG da Inter Milan, ya ga wasu makaɗa a filin birnin Munik na Jamus kafin a take leda: namiji yana rap, mace tana rera waƙa tana haɗawa da ihu, gitar lantarki tana ruri. Sunan ƙungiyar Linkin Park, ƴan Amurka ne, kuma salon da ya fito da su ana kiransa nu-metal.

"Nu" daga kalmar Ingilishi mai ma'anar sabo aka gutsuro ta, "metal" kuwa ƙarfe ne, sunan da aka daɗe ana ba kiɗan gitar mai nauyi. Sabon abin shi ne gauraya wannan kiɗa da rap da kuma gogar faifai irin ta DJ. Galibi ana danganta farkon salon da ƙungiyar Korn ta garin Bakersfield a jahar Kalifoniya, wadda ta fitar da kundinta na farko a 1994. Makaɗanta suna amfani da gitar mai tsirkiya bakwai maimakon shida, su kuma sassauta tsirkiyoyin domin sautin ya yi kauri. Waƙoƙin ba na yabo ba ne, ba na biki ba. Mafi yawansu ƙunci ne da fushi da kaɗaicin matasa.

An kafa Linkin Park a 1996, ita ma a Kalifoniya. Kundinta Hybrid Theory na 2000 ya wuce kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai, sai Meteora a 2003, sannan aikin haɗin gwiwa da mawaƙin rap Jay-Z a 2004. Ƙarfin ƙungiyar murya biyu ne: Mike Shinoda yana rap, Chester Bennington yana ɗauka da waƙa har ya kai ga ihu. Bennington ya kashe kansa ranar 20 ga Yuli 2017 yana da shekara 41, bayan doguwar fama da ciwon damuwa, ƙungiyar ta yi shiru shekara bakwai.

Wanda ya je kallonsu yau, ba waccan Linkin Park zai tarar ba. Tun Satumba 2024 Emily Armstrong ce ke riƙe da muryar marigayin, Colin Brittain ya karɓi ganguna, mai gitar na asali Brad Delson kuma ya daina hawa dandali ko da yake yana cikin ƙungiyar. A nan gardama ta tashi, har wasu daga iyalin Bennington suka nuna rashin jin daɗi. Mu ma mun san irin wannan: idan uban kiɗi ya rasu ƴan amshinsa suka ci gaba da taken, wasu su ce an riƙe amana, wasu su ce cin suna ne kawai. A ganina Armstrong ta yi dabara da ba ta kwaikwayi Bennington ba, kuma sabon kundinsu From Zero ya ba ta waƙoƙin da nata ne. Amma jama'a tsofaffin waƙoƙi suke jira, kuma idan aka ɗauko "In the End" ko "Numb", taron ne ke rerawa har ya danne makirfo. Da yawansu sun haura arba'in, wasu tafe da ƴaƴansu.

Gaban dandali ba wurin mai son natsuwa ba ne. Matasa kan buɗe da'ira suna gudu suna ture juna da kafaɗa, baƙo ya ɗauka faɗa ne, alhali ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take. Ƙarar kuma ba wasa ba ce: a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin sauti a irin waɗannan wurare ya wuce desibel 100, shi ya sa masu yawan zuwa ke toshe kunne da ɗan roba. Masu saka lasifika a bukukuwan garuruwanmu su ma shawarar ta shafe su.

A 2025 ƙungiyar ta yi wasa a Stade de France da kuma bikin Hellfest na garin Clisson a Faransa. A nahiyarmu ta taɓa zuwa Afirka ta Kudu cikin Nuwamba 2012, inda iska ta kayar da wani allon talla a wajen filin Cape Town, mace ɗaya ta rasu.

Ɗan Nijar da ke son jin gitar mai irin wannan zafi ba sai ya nemi bizar Turai ba. Bombino na Agadas da Mdou Moctar na jahar Tawa ba nu-metal suke yi ba, salonsu daga kiɗan Abzinawa ya fito, amma kundin Mdou Moctar na 2024, Funeral for Justice, bai gaza na Amurkawan ƙara da fushi ba, kuma a shekarar ya hau dandalin bikin Coachella a Kalifoniya.