Tsire da Kalangu a Ƙasar Maraɗi

Haɗa gasasshen nama da kiɗa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, sai dai tun asali ba don mai ci ake kiɗan ba, don mai yanka ake yin sa. A gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, inda Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, tsarin sana'o'i bai bambanta da na sauran ƙasar Hausa ba: kowace sana'a da sarkinta, kuma da yawa daga cikinsu suna da makaɗansu.

Fawa, wato sana'ar yanka dabbobi da sayar da nama, gado ce, kuma Sarkin Fawa ne ke shugabantar masu yin ta, waɗanda ake kira mahauta ko rundawa. Gangarsu ita ce kalangu, mai siririn ƙugu da baki biyu, wadda makaɗi ke matse tsirkiyoyinta a hammata domin ta kwaikwayi hawa da saukar muryar mutum. Da ita ake zaga gari a shaida wa jama'a cewa za a yi yanka, kuma ranar kasuwa makaɗi kan tsaya kusa da mahauci yana kaɗa takensa, shi kuwa yana yi masa kyautar kuɗi ko tsoka. Da kalangun ne kuma ake zuga ’ya’yan mahauta wajen hawan ƙaho, wasan da saurayi ke rungumar kan bijimi.

Wurin cin kansa ba shi da ƙawa. Akwai tukuba, wani tudun ƙasa da toka mai wuta a tsakiya, wanda ake kafa tsinkayen tsire kewaye da shi su ɗan karkata, ta yadda zafin ke gasa naman ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba, mai tsire yana juya su yana yayyafa mai. Balangu kuwa manyan yanka ne da ake gasawa a kan waya, kilishi kuma nama ne da ake fiɗewa fale-fale, a shanya, a tsoma cikin labu, wato kwaɓin gyaɗa da kayan yaji, a sake shanyawa kafin a nuna masa wuta. Bunƙasar noman gyaɗa a zamanin mulkin Faransa ta sa ƙuliƙulin da ake barbaɗa wa tsire ya wadata.

Babban titin da ya ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Agye da Gazawa ya janyo masu gashi zuwa bakin tasha, inda matafiyi ke sayen nama a ƙunshe cikin takarda da albasa, babu lokacin sauraron take. Kalangu ita ma ta sami wasu iyayen gida, domin mawaƙa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun kai ta gaban attajirai da direbobi da gidajen rediyo, kuma galibin sautin da ke tashi a gefen tukuba yanzu daga rediyo ko wayar mai tsire yake fitowa.