Laka mai jibsi a tuddan Damargu: halinta, amfaninta da haɗarinta

Wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas, ya wuce matatar man SORAZ da Bakin Birji a ƙaramar hukumar Olelewa ya nufi Tanut, zai ga ƙasa tana sauya kama. Jigawar gero tana raguwa, tuddai masu laka suna bayyana. A gefen wasu tuddan da bakin kwazazzabai akan tsinci ɓarɓashin dutse mai ƙyalli kamar gilashi. Shi ne jibsi, wanda Larabawa ke kira jibs, Faransawa kuma jips.

Mene ne jibsi?

Ma'adini ne da ya haɗa sinadarin kalsiyam da farar wuta da ruwa. Yana da taushi, har farce na iya karce shi, kuma ta haka ake bambanta shi da sauran duwatsu masu ƙyalli. Ba ya da ɗanɗanon gishiri ko na kanwa. Ruwa na narkar da shi a hankali: lita ɗaya tana ɗaukar giram 2 da ɗoriya. Wannan narkewar ce tushen yawancin halayen ƙasar da yake ciki.

Daga ina ya zo?

Kimanin shekaru miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratsa Sahara, ya rufe yankin da ake kira Damargu a yau. Lakar da ta kwanta a ƙasansa ita ce ta zama jikin tuddan Tanut, da jibsi a tsakanin shimfiɗunta. Shaidar tekun tana nan: ɓawon halittun ruwa masu naɗi kamar na dodon koɗi, waɗanda suka zama dutse. A 1943 masanin duwatsu Schneegans ya ba wani jinsinsu da aka samo a Damargu suna Nigericeras, daga sunan Nijar. Da a ce yankin na samun ruwan sama mai yawa, da tuni jibsin ya wanke. Amma abin da Tanut ke samu a shekara bai cika wuce milimita 300 ba, shi ya sa ya zauna.

Halinta da ruwa

Laka irin wannan tana kumbura da damina, ta yi santsi, ta tsattsage da rani. A kan gangare, ruwan farko kan toshe fuskarta, sauran ya gangara bai shiga ba. Idan ciyawa ta tafi, wurin ya zama fako, sai kwazazzabai su fara ci. A ƙarƙashi kuma, inda ruwa ya sami hanya, jibsin na narkewa ya bar ramuka. Masana ƙasa sun nuna cewa jibsi kaɗan ba ya hana shuka, amma in ya haura kashi 25 cikin 100, yawancin amfanin gona na raguwa: saiwa ba ta ratsawa sosai, ƙasar kuma ba ta riƙe abincin shuka.

Noma ko kiwo?

Damargu ta daɗe da suna a matsayin rumbun geron da ke ciyar da Abzin, amma gero ɗan jigawa ne. A kwari, inda laka ke tara danshi, dawa na yi. Gangaren tudu kuwa abin da ya fi dacewa da shi shi ne kiwo, domin ciyawar damina da itatuwa masu jure fari kamar aduwa, anza, jiga da ƙandili su ke riƙe ƙasar. Wanda ya share irin wannan wuri ya yi gona zai iya samun ɗan abu shekara ɗaya ko biyu, daga baya a rasa gonar a rasa makiyayar. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa da dokar kiwo ta 2010 duk sun tanadi kare filayen kiwo, kuma hukumomin kula da filaye na ƙananan hukumomi su ne wurin kai ƙara in an ci makiyaya.

Inda fako ya riga ya kama, ana farfaɗo da shi da ramukan rabin wata, da jeren duwatsu a gicciyen gangare, a shuka ciyawa, a hana dabbobi shiga har ta kafu. Aikin Keita a jihar Tawa, wanda ya fara a 1984, ya nuna cewa tuddan da suka mutu na iya dawowa.

Gini, rijiya da tafki

Mai niyyar gini ya kula da abu uku. Kumburin laka na tsaga bango. Ruwan da ke tsiyaya kusa da harsashi na narkar da jibsi, ƙasa ta lotsa. Sinadarin jibsi kuma na cin kankaren siminti na yau da kullum idan akwai danshi. Maganinsu shi ne a gwada ƙasa kafin a haƙa, a nisanta magudanar ruwa daga bango, a nemi simintin da ke jure wannan sinadari. Tafkin da aka haƙa ya taɓo shimfiɗar jibsi na iya zurarewa. Ruwan rijiyar da ya ratsa ta yakan yi bauri, sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa, yana kuma iya sa gudawa ga mutane da dabbobin da ba su saba da shi ba.

Dukiyar da ke ciki

Jibsi kansa haja ne. Ana zuba kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a siminti don kada ya yi saurin daskarewa, shi ya sa mutanen karkara a Adar suka daɗe suna tono shi da hannu suna sayar wa masana'antar Malbaza, kamar yadda ake yi a jihar Sakkwato. In an gasa shi da zafin digiri 150 ko kusa da haka, yana zama garin da ake silin da shi, da wanda likitoci ke ɗaure karaya. In an niƙa shi an watsa, yana sassauta ƙasa mai kanwa, yana kuma taimaka wa gyaɗa ta cika ƙwaya.

Duk wanda zai tona a gefen tudu, ya cike ramin bayan ya gama. Ramin da aka bari a buɗe tarko ne ga dabbobi, kuma daga nan sabon kwazazzabo ke farawa.