BSA M20: baburin da ya tsira daga yaƙi, ya cije a ɗakin ajiya

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin BSA da ke Birmingham a Ingila ya ƙera wa sojojin Birtaniya baburan M20 kimanin 126,000. Ba babur ne mai gudu ba. Injinsa silinda ɗaya ce mai cc 496, bawulolinsa a gefe suke, yana da nauyi, amma soja na iya gyara shi a bakin hanya da 'yan sifanoni kaɗan. Ko ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa masana'antar Small Heath a watan Nuwamban 1940, wanda ya hallaka ma'aikata 53, bai kawo ƙarshen ƙera shi ba.

Da yaƙi ya ƙare aka yi gwanjon dubbai ga farar hula. Suka hau su zuwa aiki har ƙananan motoci da baburan Japan suka mamaye kasuwa, sai aka jingine da yawa a rumbuna da gareji. A can ne abin da yaƙi bai yi musu ba ya same su.

Inji kan cije ta hanya biyu. Akwai na zafi, inda fistin ya kumbura a kan tafiya ya kama bangon silinda. Na ajiya daban ne, kuma a hankali yake zuwa. Baƙin mai ya tsiyaye ƙasa ya bar bango tsirara. Idan inji ya tsaya da bawul ɗaya a buɗe, danshi ya sami ƙofa. Silindar M20 da ringinta ƙarfen zubi ne, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka sai ta cike ɗan tsakanin da ke akwai. Fistin ɗin alminiyom shi ma ya fitar da farin gari inda ya haɗu da ƙarfe a cikin laima.

Babban kuskuren wanda ya tsinci irin wannan babur shi ne ya hau kik da ƙarfinsa. Ringi zai karye ya kwarzane silinda, haƙoran kik su ɓalle, wani lokaci konrod ya lanƙwashe, kuma na asali ba kullum ake samu ba. Masu tayar da tsofaffin babura filogi suke cirewa, su zuba dizal ko kananzir ko man giyar mota gauraye da asiton, su bar shi kwanaki, wani sa'in makonni, suna ƙarawa. Mutane da yawa WD-40 suke fara ɗaukowa, alhali an haɗa shi ne a San Diego a 1953 don kare jikin makami mai linzami na Atlas daga danshi. Riga-kafin tsatsa ya fi iyawa.

Bayan jiƙon sai a sa babbar giya, a riƙa girgiza tayar baya gaba da baya, a tausashe. Motsi kamar kaurin farce ya isa a san mai ya ratsa. In ya ƙi, a kwance kan inji, wanda a M20 aiki ne mai sauƙi tunda babu bawul a cikinsa, a ɗumama silinda, a ɗora guntun katako mai faɗin fistin a bubbuga da guduma.

Sakin fistin ba shi ne izinin tayar da inji ba. Sai an zare silinda an duba zurfin ramukan da tsatsa ta bari: masu sauƙi a goge a sa sabon ringi, masu zurfi a faɗaɗa silindar a nemo fistin da ya ɗara na da girma.