Ƙarin ƙarfin batir da caji mai sauri: abin da mai sayen motar lantarki ke biyan kuɗinsa

Farashin da ake tallata motar lantarki da shi sau da yawa na mafi ƙanƙantar samfurinta ne. Abubuwa biyu ne suka fi ɗaga shi: girman batir, da damar yin caji mai sauri. Kamfanoni kan sayar da su a matsayin ƙari, wani lokaci a ranar sayen mota, wani lokaci bayan shekaru, kuma ba iri ɗaya ba ne abin da ake karɓar kuɗin a kansa.

Ana auna girman batir da kWh, wato yawan wutar da yake iya adanawa, kamar yadda ake auna tankin mai da lita. Saurin caji kuwa da kilowat ake auna shi. Wutar gida, wadda ake kira AC, sai ta bi ta wata na'ura da ke cikin motar kafin ta shiga batir, kuma wannan na'ura ba ta cika wuce kilowat 7 zuwa 11 ba. Don haka batir mai kWh 60 kan kwana yana caji. Tashar caji mai sauri tana ba da wutar DC kai tsaye, daga kilowat 50 har zuwa 350, sai dai dole motar ta kasance da soket da wayoyin da za su karɓe ta. Saurin yakan ragu sosai idan batir ya kai kashi 80 cikin 100, shi ya sa kamfanoni ke ƙidaya lokacin caji daga kashi 10 zuwa 80.

Nau'in ƙari mafi sauƙin fahimta shi ne sauya batir da wanda ya fi shi girma. Nissan Leaf ta fito da kWh 24, ta koma 30 a 2016, sai 40 a 2018, sai 62 a 2019, kuma makanikai masu zaman kansu a ƙasashe da dama sun ƙware wajen ɗora sabbin baturan a kan tsofaffin motocin. Kamfanin Tesla ya taɓa sayar wa masu motarsa ta farko, Roadster, sabon batir a kan dala 29,000. A nan ana biyan kuɗin kaya ne da ake iya gani da aunawa.

Nau'i na biyu shi ne wanda ya fi jawo muhawara. A 2016 Tesla ya fitar da Model S 60, wadda a zahiri batirin kWh 75 ne a cikinta, amma an kulle 15 da manhaja. Wanda ya so a buɗe masa sauran bayan ya karɓi motar sai ya biya dala 9,000, kuɗin da aka rage zuwa 2,000 a 2017. Ba a kwance ko kusa ɗaya. Saƙo kawai ake aika wa motar ta intanet. A watan Satumba na 2017, lokacin da guguwar Irma ta doshi jihar Florida ta Amurka, kamfanin ya buɗe wa masu irin waɗannan motoci cikakken batirin na 'yan kwanaki domin su samu tsira. An yaba da matakin, amma kuma ya fito da tambayar fili: idan mutum yana yawo da nauyin batirin kullum, na wane ne sashen da ke kulle? Masu kare tsarin na cewa ya bai wa kamfani damar ƙera batir iri ɗaya ya sayar a farashi biyu, kuma batirin da ba ya cika maƙil ya fi daɗewa. Batu na biyun gaskiya ne a kimiyyance, domin batirin lithium ba ya son zama a cike.

A ƙasar Sin an bi wata hanyar. Tun watan Agusta na 2020 kamfanin NIO ke sayar da mota ba tare da batir ba, ya rage farashinta (yuwan 70,000 a 2020), mai motar ya riƙa biyan hayar batir duk wata yana musanya shi a tashoshin kamfanin. Renault ma a da ya daɗe yana bayar da hayar batirin Zoe a Turai.

Shi kuwa caji mai sauri, yawanci a ranar saye ake yanke shawararsa. Chevrolet Bolt ta 2017 ba ta zuwa da soket ɗin DC sai an ƙara dala 750, kuma wanda bai biya ba a lokacin, saka shi daga baya aiki ne mai tsada da kamfani ba ya yi. Wasu tsofaffin Leaf da BMW i3 ma haka suke. A farkon Model S mai kWh 60, shiga tashoshin Supercharger na Tesla dala 2,000 ne a ranar oda, 2,500 daga baya.

Wannan tarihi ya shafi Najeriya kai tsaye, domin galibin motocin da ake shigowa da su na hannu ne, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 sha'awar motocin lantarki ta ƙaru. Motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya na iya tsayawa a fili guda, ɗaya tana da soket ɗin DC ɗaya ba ta da shi. Haka kuma soket ɗin ba iri ɗaya ba ne: motocin Amurka na zuwa da CCS1 ko na Tesla, na Turai da CCS2, na Japan da CHAdeMO, na Sin da GB/T. Akwai na'urorin haɗawa, amma ba tsakanin kowane iri biyu ba, kuma masu kyau cikinsu ba su da arha. Wani abin lura shi ne damar da aka saya ta manhaja ba lallai ta biyo motar ba. Tesla ya saba kashe caji mai sauri a motocin da kamfanonin inshora suka ayyana a matsayin waɗanda hatsari ya lalata, kuma irin su ne da dama daga cikin motocin da dillalai ke saye a gwanjon Amurka.

Sai batun zafi. A 2012 masu Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona sun koka cewa baturansu na raguwa da wuri, saboda motar ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, har Nissan ya ƙara garanti na shekara 5 ko mil 60,000 a kan ƙarfin batirin. Caji mai sauri yana ƙara ɗumama batir. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, tsarin sanyaya batir ya fi 'yan ƙarin kWh muhimmanci. Garantin da aka saba bayarwa yanzu shekara 8 ne ko kilomita 160,000, tare da alkawarin batir ba zai sauka ƙasa da kashi 70 ba, amma garantin kan tsaya ne a yankin da aka fara sayar da motar.

Tashoshin caji na jama'a a Najeriya har yanzu kaɗan ne. Hukumar NADDC ta buɗe wata mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, sannan a Jami'ar Legas da ta Nsukka, kuma 'yan kasuwa sun kafa wasu a Legas da Abuja. Ga mai zirga-zirga cikin gari wanda ke caji a gida da dare, babban batir ya fi yi masa amfani, domin zai iya jure kwana biyu ko uku babu wuta. Mai motar haya da ke aiki tun safe har dare kuwa, kowace sa'a da motar ta yi a tsaye asarar kuɗi ce, kuma shi ne zai fi cin moriyar soket ɗin DC, muddin ya dace da na tashar da ke kusa da shi.