Aska da Ganye: Zane Biyu a Jikin Bahaushe

Duk mai neman tarihin zane a yammacin Kano, a ganina, ya fara da fuskokin dattawan Gwarzo da Kabo kafin ya duba bango ko takarda. Fata ce allon da Bahaushe ya fi daɗewa yana zane a kai, kuma zanen iri biyu ne: tsaga da lalle.

Tsaga aikin wanzami ce. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, yakan yi wa jariri aski, ya tsaga masa alamar gidansu, a shafa baƙin tukunya don ta fito. Daga nan tsagar za ta girma tare da fuskar, ta tsufa tare da ita, ta bi ta kabari. A ƙarni na 19, lokacin da mahara daga Maraɗi ke kai farmaki wannan yanki mai iyaka da ƙasar Katsina, tsaga ta wuce ado. Yaron da aka kama aka kai nesa yakan manta sunan garinsu, amma kumatunsa suna riƙe da asalinsa. Baturen nan A. J. N. Tremearne ya zana irin waɗannan alamomi a littafinsa kan al'adun Hausawa na 1913.

Lalle kuwa ganye ne. A busar, a daka, a kwaɓa, a ƙunsa wa amarya. A fata yakan koɗe cikin 'yan makonni. A farce kuwa jan yakan yi ta matsawa gaba yayin da sabon farce ke tsirowa, har ya ƙare cikin kusan wata shida. Mace mai lura za ta dubi yatsun amarya ta ƙiyasta watanninta a ɗakin miji.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda zamani ya yi da su. Tsaga, wadda aka yi don ta dawwama, ita ce ke gushewa: hare-haren sun ƙare, katin shaida ya karɓi aikinta, kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta haramta yi wa yaro ita. Lalle, da ake sake shi kowace salla da kowane biki, yana nan daram.

Ba na kiran a dawo da aska kan fuskar jarirai. Kirana ga ɗaliban tarihi ne: mu je wurin tsofaffin wanzamai mu rubuta sunan kowace tsaga da gidan da ke yin ta, tun masu ɗauke da ita suna raye.