Tarihin Bututun Hayaƙi da Wutar Gas a Ingila

Mutanen Ingila, waɗanda Allah ya zaunar da su a ƙasar da sanyinta kan daskarar da ruwa, sun daɗe suna hura wuta a tsakar ɗaki, hayaƙi na neman mafita ta wata kafa a rufi, kafin bututun da ake ginawa a jikin bango ya sauko daga gidajen masu sarauta zuwa na talakawa a wajen ƙarni na 16. Duk da wahalar wancan zamani, hayaƙin itace da na kwal yana da alheri guda, wato yakan yi gargaɗi: idan hanyarsa ta toshe, ido ya yi yaji, tari ya sarƙe mutum, maigida ya tashi ya buɗe ƙofa. Amma mai barci ba kullum gargaɗin ke riskarsa ba, domin Emile Zola, shahararren marubucin Faransa, toshewar bututu ce ta zama sanadin ajalinsa a ɗakin kwanansa a Faris a shekarar 1902.

Da William Murdoch ya haskaka gidansa da ke Redruth da iskar da ya tatso daga kwal a 1792, aka kuma kafa kamfanin gas na Landan a 1812, sai al'amari ya sake kama. Wutar da aka fara amfani da ita don fitila ta shiga madafa, ta shiga ɗakin zama, daga bisani ta shiga makewayi, bayan wani mai fenti, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera na'urar dafa ruwan wanka a 1868. Na'urar nan hikima ce babba, sai dai ba a yi mata bututu ba ko kaɗan, saboda haka duk abin da wutar ta fitar, a nan cikin ɗan ƙaramin ɗaki yake taruwa, alhali mai wanka ya rufe ƙofa don sutura, ya rufe taga don sanyi. A ganina, babu kuskuren da ya fi wannan tsada a tarihin sana'ar nan, kuma asalinsa zato ne, cewa wutar da ba a ga hayaƙinta ba, ba ta da abin fitarwa.

Haƙiƙanin al'amarin kuwa shi ne, duk wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba takan haifi wata guba da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Claude Bernard, likitan Faransa, ya bayyana tun tsakiyar ƙarni na 19 cewa gubar nan jini take kamawa, kuma an tabbatar riƙon da jini ke yi mata ya ninka wanda yake yi wa iskar numfashi fiye da sau 200, ta yadda ciwon kai da jiri da kasala za su lulluɓe mutum, ya ɗauka gajiya ce ko mura, ya kwanta a daidai lokacin da fita ta wajaba a kansa. Don haka ne wani masani, John Scott Haldane, ya ba mahaƙan kwal shawara su riƙa sauka rami da ƙananan halittu, domin gubar takan fara kama su kafin mutum, aka saba da tsuntsun kanari, ba a daina ba sai 1986.

Sannu a hankali magina da maƙera suka yarda cewa bututu sashe ne na na'urar, ba ado ba ne. Mafi kyawun abin da suka cim ma shi ne na'ura rufaffiya mai bututu biyu, ɗaya a cikin ɗaya, wanda ke ratsa bango: na waje ya jawo iska daga sarari, na ciki ya fitar da ƙonanniya, wutar ba ta taɓa iskar da iyali ke shaƙa ba. Tsakanin 1967 da 1977 aka sauya ƙasar gaba ɗaya daga gas ɗin kwal, wanda shi kansa yana ɗauke da gubar tun kafin a kunna shi, zuwa gas ɗin da ake haƙowa a Tekun Arewa. Wasu suka saki jiki, alhali shi ma sabon, idan bututu ya toshe ko iska ta yi ƙaranci, gubar yake haifarwa. Bayan fashewar gas a wani bene mai suna Ronan Point a 1968 aka kafa rajistar masu aikin gas a 1970, kuma dokar 1998 ta wajabta wa mai gidan haya ya sa ƙwararre ya duba na'ura da bututunta kowace shekara.

Mu da ba mu gaji bututu ba, gubar ba baƙuwarmu ba ce, domin ita ce ke fita daga kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu, da janaretan da ake kunnawa a cikin gida, ga kuma tukunyar gas ta shiga madafanmu. Ya kai mai karatu, rayukan iyalinka amana ce a hannunka. Kada ka kunna wutar gas don jin ɗumi a rufaffen ɗaki, kuma in ka ga harshenta ya bar shuɗi ya koma rawaya, ko baƙi ya fara taruwa a jikin na'urar, to ka kashe ta, ka buɗe ƙofa da taga, ka fitar da kowa, sannan ka nemo masani.