Daga tsargiyar ƙuruciya zuwa robar fitsari: tarihin shirun mazan Haɗejia

A watan Mayun 2025, da labari ya fito cewa an gano sankarar furosteti a jikin tsohon shugaban Amurka Joe Biden, har ta kama ƙashi, mun daɗe muna muhawara a majalisarmu bayan Isha'i. Wani yana ta mamakin yadda mutumin da likitoci ke kewaye da shi zai kai haka ba a gani ba. Sai wani dattijo ya ce, "To mu kuma fa, da sai fitsari ya tsaya cak sannan a nemo mota?" Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kusan kowa a wurin ya san wani uba ko baffa da ke yawo da roba da jaka a ƙarƙashin babbar riga.

Tun ranar nake son rubuta wannan. A ganina shirun da mazanmu ke yi a kan fitsari ya girmi tsufansu. A bakin kogi muka koye shi tun muna yara.

Duk wanda ya tashi a Haɗejia, Auyo, Kirikasamma ko Guri ya san tsargiya. Yaro ya je wanka ko su, ko ya taya babansa aiki a gonar shinkafa, bayan wasu watanni ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Me ake ce masa? A ce zafin rana ne, ko kuma a ce ai girma ne ya zo. Wallahi a cikin sa'o'inmu har gori ake yi wa wanda bai fara ba. Darasin farko ke nan da namiji ke ɗauka: abin da ya fito ta gaba ba ciwo ba ne, kuma ba a kai shi gaban manya.

Ba mu kaɗai muka yi wannan fahimtar ba. A Masar, manoman bakin Nilu sun daɗe suna ɗaukar jinin a matsayin alamar balagar ɗa namiji. A can ɗin ne kuma aka fara warware asirin cutar. A 1851 wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana aiki a asibitin Kasr el-Aini na Alƙahira, ya ga tsutsar a jijiyoyin jinin gawar da yake bincike, shi ya sa Turawa ke kiran cutar da sunansa. A 1910 Marc Armand Ruffer ya samu ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin zamanin Fir'aunoni, wato ta fi shekara dubu uku tare da mutane. Sai a 1915 Robert Leiper ya nuna hanyar da take bi: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata 'yar katantanwa, daga nan 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai ka sha ba, tsayawa a ciki ma ya isa.

Tsargiya ta riga dam-dam zuwa ƙasarmu, wannan kam babu musu. Sai dai ruwan da kakanninmu suka sani daban yake da na yau. A da kogi kan cika da damina ya malale fadama, rani na yi ya janye, wurare da yawa su bushe ƙayau. Aka gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kafa hukumar kogunan Haɗejia da Jama'are a 1976, aka gama na Challawa a 1992, ga kuma madatsar da ke kusa da Auyo mai ba da ruwan noman rani. Ruwa ya koma gudana a hankali duk shekara, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa mai kwanciya da ciyawa a ciki shi katantanwar nan ke so. Ban ce dam bai yi amfani ba, shinkafa da alkama da tattasan da muke alfahari da su daga nan suke. Amma manomin da a da yake shiga ruwa wata huɗu, yanzu ƙafarsa na cikin kwata kusan shekara cur, kuma da aka zo lissafin ribar aikin ba na jin an sa mafitsararsa a ciki.

Magani ma yana da nasa tarihin. Tun 1918 aka fara amfani da wata allura mai tsananin wahala a Khartum, ana yin ta sau da yawa a jijiya. Masar ta yi wa miliyoyin mutane ita da sirinjin da ba a tsabtace da kyau ba, abin da ya bar mata annobar ciwon hanta. Ƙasar Sin kuwa a shekarun 1950 gangami ta yi, ta fito da ƙauyuka gaba ɗaya suna cike tsofaffin magudanai suna binne katantanwa, duk da cewa irin tasu tsutsar hanji da hanta take kamawa. A shekarun 1970 aka samo ƙwayar praziquantel, wadda ake sha rana ɗaya. Ita ce ake rabawa kyauta a makarantun firamare, a tsayar da yaro jikin sandar awo a ba shi daidai tsayinsa. Abu ne mai kyau. To amma masunci ɗan shekara 40 fa? Almajirin da ba ya cikin rajistar kowa fa? Kuma ƙwayar ba ta hana a sake ɗauka gobe idan an koma ruwa.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, idan yaro ya girma jinin ya ragu, ba lalle ne ya warke ba. Tsutsar kan yi shekaru a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta na maƙalewa suna barin tabo. Tabon kan ƙuntata hanyar da ke saukowa daga ƙoda, har ƙodar ta lalace a hankali. Sukan kai ga al'aura ma, har a ga jini a maniyyi. Kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara.

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a gyara. Gidajen rediyo kan ce "kansar mafitsara" alhali furosteti suke nufi. Abu biyu ne. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa. Furosteti wani ƙululu ne kamar ƙaramin goro a ƙasanta, maza kaɗai ke da shi, kuma ta tsakiyarsa hanyar fitsari ta ratsa. Idan mutum ya haura 50 yakan fara girma, kusan rabin mazan da suka kai 60 nasu ya kumbura. Yawancin kumburin nan ba sankara ba ne, ana shan magani ko a yi aiki a samu sauƙi. Alamunsa kowa ya san su: tashi sau uku ko huɗu da dare, fitsari ba ƙarfi, sai an yi yunƙuri, an gama kuma yana ɗiga.

Ɗigar nan ita ta fi damun dattawanmu, saboda tsarki. Mutum zai je wajen malam ya tambayi hukuncin mai yoyon fitsari, a ba shi amsa daidai yadda littattafan fiƙihu suka kawo, ya koma gida. Da malam zai ƙara da cewa "ka je asibiti ma," da an tsira da ƙoda da yawa. Daga wajen malam sai wajen mai lasifika a kasuwa, a ce sanyi ne ko basir. Shekara biyar ana shan jiƙo, rannan cikin dare fitsari ya ƙi fita. Wasu magungunan mura ma kan jawo wannan tsayawar ga mai kumburin, a kula.

Ita sankarar furosteti kuma sau da yawa ba ta da wata alama a farko. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma baƙar fata sun fi haɗari: a Ingila an ƙiyasta ɗaya cikin huɗu na baƙaƙe zai same ta a rayuwarsa, ninkin na sauran maza. Da yawa sai baya da ƙugu sun fara ciwo suke zuwa, lokacin ta riga ta shiga ƙashi. Akwai gwajin jini mai suna PSA, ga kuma duba da yatsa ta dubura, wanda shi ne maza ke gudu. Ba ya kai minti ɗaya. PSA ya hau ba hukunci ba ne cewa sankara ce, alama ce a ƙara bincike. Wanda ya kai 45 zuwa 50, musamman idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, ya dace ya zauna da likita a kan wannan.

Muna son ba da labarin 1906, yadda Sarki Muhammadu da mazajen Haɗejia suka ƙi miƙa wuya ga Turawa har suka yi shahada. Gaskiya ne, abin alfahari ne. Amma mun mayar da jarumtar ta zama kada a ji ka ce wash. Nelson Mandela da ya yi shekara 27 a kurkuku bai ɓoye nasa ciwon ba a 2001. Wole Soyinka ya fito ya faɗi nasa a 2014. Sarki Charles na Ingila a Janairun 2024 fadarsa ce ta sanar cewa za a yi masa aikin kumburin furosteti.

Baffana manomin shinkafa ne, ya haura 70. Bara aka kai shi asibiti da asuba yana murƙususu, aka sa masa roba, daga baya aka tura mu Kano wajen likitan mafitsara. Kuɗin mota da gwaje-gwaje sai da aka sayar da buhuna. Hoton da aka ɗauka ya nuna kumburin furosteti, ya kuma nuna tsohon tabo a bangon mafitsara, ƙoda ɗaya ta riga ta kumbura. Likitan ya tambaye shi yaushe ya fara tashin dare, ya ce ya kai shekara shida. Ya sake tambayarsa ko ya taɓa fitsarin jini yana yaro. Baffa ya dube ni, ya dubi likitan, ya ce, "Likita, a garinmu wa bai yi ba?"